Ƙwayar Awo da Laifin Uwa

Bahaushe ba ya son abu ya auku ba tare da an sama masa dalili ba. In ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, sai an nemo wanda ya ɗaure shi. In ciniki ya tsaya, sai an tuno wanda ya yi wa rumfar wani irin kallo. Kowace al'umma tana da irin nata wannan hali, amma inda ya fi yin ciwo shi ne idan abin ya shafi 'ya'ya. Duk ranar da aka wayi gari aka ga yaro ya bambanta da sa'o'insa, ko ya daɗe bai fara magana ba, ko ana kiransa ba ya waiwayowa, to kafin a kai ga likita an riga an kafa shari'a a tsakar gida. A wannan shari'a kuwa, wadda ake tuhuma ɗaya ce a kullum, wato uwa.

A zamanin kakanninmu tuhumar ba ta da wuyar ganewa. Cewa ake yi mai cikin ta fita da tsakar rana, ko ta ratsa juji da almuru, ko ta je rafi ɗibar ruwa ita kaɗai, har mutanen ɓoye suka musanya mata abin da ke cikinta. Daga nan aka samo maganar ɗan ruwa, kuma Allah kaɗai Ya san yawan yaran da wannan suna ya jawo wa wulaƙanci. Da ilmin zamani ya shigo, sai aka ɗauka an sallami wannan shari'a, ashe ɗage ta aka yi. Yanzu ga wayar hannu a kowane ɗaki, tana kawo guntayen labarai daga ƙasashen Turawa cewa matan da ke shan ƙwayoyin ƙarin sinadari lokacin goyon ciki ba su cika haifar yara masu galahanga ba. Kafin labarin ya gama zagaya dangi, ya riga ya juye ya koma cewa duk wadda ta haifi irin wannan yaro, maganin awo ne ta ƙi sha. Abin da nake so in tattauna da mai karatu a wannan ɗan rubutu shi ne gaskiyar da ke cikin wannan magana da kuma iyakar inda gaskiyar ta tsaya, domin al'amarin ya shigo gidanmu, na kuma ga irin ɓarnar da rabin labari ke yi.

Lalurar da nake magana a kanta ita ce wadda likitoci ke kira otizim, kafofin watsa labarunmu kuma suka laƙaba mata suna galahanga. A matsayina na wanda sana'arsa auna kalmomi, ba na jin daɗin wannan suna, domin a bakin mutane yana tafe da ƙurar raini, kuma ana jibga masa lalurori iri-iri waɗanda ba su da dangantaka da juna. Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ta ginu, kuma yakan bayyana a shekarun farko na rayuwa. Yaron da ke da shi yakan sha wuya wajen hulɗa da mutane da gane nufinsu, yakan so maimaita abu ɗaya, yakan ƙi a sauya masa tsarin da ya saba da shi, sau da yawa kuma ƙara ko haske ko taɓawa sukan dame shi fiye da kima. Akwai wanda ba zai taɓa yin magana ba, akwai kuma wanda zai yi karatu har ya koyar a jami'a. Ƙiyasin shekarar 2021 wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ya nuna cewa mutum ɗaya cikin 127 yana da wannan lalura a duniya, kuma an fi gano ta ga maza fiye da mata da ninki uku zuwa huɗu.

Ɗan ƙanwata yana cikin waɗannan yara. Muna kiransa Abba saboda sunan mahaifinmu ya ci. Yana da shekara uku ya iya jera marafan kwalba a gindin bango, kowane launi da layinsa, kuma in ka gusar da guda ɗaya sai ya gane ko da ba ya ɗakin lokacin da ka taɓa. In maƙwabta suka tayar da injin niƙa sai ya toshe kunnuwansa ya durƙushe. In yana jin ƙishirwa ba ya cewa ruwa, hannunka zai kama ya ja ka ya ɗora shi a kan murfin randa. An yi hayaƙi, an yi tofi, an sha rubutu, kafin a ƙarshe wata likitar yara ta zauna da shi fiye da awa guda ta faɗa wa iyayensa sunan abin da ke damunsa.

Ba a yi wata guda da samun wannan bayani ba sai ga saƙo ya shigo wayar ƙanwata daga wajen dangin mijinta, ɗauke da labarin ƙwayoyin ƙarin sinadari. Wanda ya turo bai ƙara ko kalma ɗaya ba, kuma bai buƙaci ƙarawa ba, domin kowa a gidan ya san cikin Abba shi ne cikinta na fari, cewa kunya ta hana ta zuwa awo sai da cikin ya shiga wata na biyar, kuma cewa jar ƙwayar nan ta ƙarin jini tana tayar mata da zuciya, har takan tura ta ƙarƙashin katifa. Wani dare bayan an kwashe kwanukan tuwo, ta same ni a zaure ta zauna nesa kaɗan, ta ce, "Yaya, kai da ka yi karatu, ka faɗa mini tsakaninka da Allah. Ni na jawo masa?" Na ce mata ta ba ni mako biyu. Irin wannan tambaya ba ta karɓar lallashi kawai, domin wadda ta yi ta za ta gane in lallashinta ake yi, ta kuma ci gaba da ɗaukar kayanta ita kaɗai. Cikin makonnin nan biyu na ajiye littattafan adabi, na nemi wani abokina likita ya riƙa nuna mini abin da zan karanta, yana kuma warware mini inda ya ɗaure.

Labarin ya faro ne daga Indiya. A shekarar 1928 wata likita Baturiyar Ingila mai suna Lucy Wills ta tafi birnin Bombai domin binciken wani irin ƙarancin jini da ke kashe mata masu ciki, musamman matalauta masu aiki a masaƙu. A 1931 ta bayyana cewa ta warkar da su da wani abin shafa wa burodi mai suna Marmite, wanda ake yi da yis. Ta tabbatar akwai wani sinadari a cikinsa da jikin matan ya rasa, ko da yake ba ta kai ga ware shi ba. Sai a 1941 wasu masana a jihar Teksas ta Amurka suka tace shi daga tan huɗu na ganyen alayyahun Turawa, suka raɗa masa suna folik asid, daga kalmar Latin mai nufin ganye. Shi ne 'yar ƙwayar nan rawaya da ake haɗa wa matanmu a asibiti tare da jar ƙwayar ƙarin jini. Jiki yana buƙatarsa a duk inda ƙwayoyin halitta ke rabuwa suna ƙaruwa da sauri, kuma babu inda wannan aiki ya kai na mahaifa sauri.

A makonnin farko na ciki, abin da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar baya yakan fara ne a shimfiɗe kamar tabarma. Daga nan gefunansa biyu sukan ɗago su naɗo, su haɗe kamar ɗinki, su zama bututu. Wannan ɗinki yakan kammala ne wajen kwana 28 da shigar ciki, lokacin da ɗan tayin bai wuce ƙwayar shinkafa ba, uwar kuma ba ta fi mako biyu da yin ɓatan wata ba. In ɗinkin bai rufe ta ƙasa ba, sai a haifi jariri da tsagaggen ƙashin baya, wanda kan jawo shanyewar ƙafafu. In ta sama ne bai rufe ba, sai a haife shi babu cikakken ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa, kuma irin wannan ba ya rayuwa. A 1991 aka bayyana sakamakon wani babban gwaji da Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta gudanar a ƙasashe bakwai, a kan mata 1,817 waɗanda suka taɓa ɗaukar cikin irin waɗannan jarirai. An raba su ne ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ba su folik asid, wasu ba a ba su ba, sai aka ga ya rage maimaituwar matsalar da kashi 72 cikin ɗari. A 1992 wani gwaji a ƙasar Hangari ya nuna yana kare har matan da ba su taɓa gamuwa da matsalar ba. Tun daga wannan shekara hukumomin lafiya na Amurka suka shawarci duk macen da za ta iya ɗaukar ciki ta riƙa shan maikirogiram 400 kullum, a 1998 kuma suka tilasta zuba shi cikin garin da ake sayarwa. A kan wannan batu babu sauran jayayya tsakanin masana.

Da aka ga irin tasirin wannan sinadari a kan ginuwar ƙwaƙwalwa, sai masana suka fara tambaya ko yana da hannu a otizim ma. Binciken da ya fi yin suna shi ne na ƙasar Norwe, wanda aka buga a 2013. An bi sawun yara 85,176 waɗanda aka haifa tsakanin 2002 da 2008, an kuma riga an tambayi iyayensu mata abin da suke sha tun suna da ciki, kafin kowa ya san yadda yaran za su kasance. Mata 61,042 sun sha folik asid tun daga mako huɗu kafin shigar ciki zuwa mako takwas bayan shigarsa, a cikin 'ya'yansu aka sami 64 masu nau'in otizim mai tsanani. Sauran 24,134 ba su sha ba a wannan tsakani, a cikin nasu aka sami 50. Wato kusan 10 cikin dubu goma a ɓangaren farko, kusan 21 cikin dubu goma a ɓangare na biyu. Bayan an yi la'akari da abubuwa irin su zurfin karatun iyaye, sai ragin ya tsaya a kashi 39 cikin ɗari. An sami sakamako mai kama da wannan a jihar Kalifoniya a 2011, da kuma Isra'ila a 2018. Wannan shi ne asalin labarin da ke yawo a wayoyinmu.

Amma akwai abin da wayar ba ta ɗauko ba. Manomin ƙasar Hausa ya san in shamuwa ta sauka a kan bishiyar gari, damina ta kusa, amma babu manomi mai hankali da zai ce shamuwa ce ke zubo ruwa. Abu biyu suna iya tafiya tare alhali wani abu na uku ne ke jan su duka. Macen da ta fara shan ƙwaya tun kafin ciki ya shiga, galibi ita ce wadda ta shirya wa cikin, ta yi karatu, tana cin abinci mai kyau, tana kuma kusa da asibiti. Ta yiwu ƙwayar ce ta yi aikin, ta yiwu kuma shamuwa ce kawai. Masu binciken Norwe sun san da wannan, shi ya sa suka duba matan da suka sha man kifi, waɗanda halinsu ya yi kama da na masu shan folik asid, ba su kuwa ga ragin a wurinsu ba. Wannan ya ƙarfafa zaton cewa folik asid ɗin yana da nasa tasiri. Sai dai kuma a maƙwabciyarsu Denmak, wani bincike da aka buga a 2018 a kan yara fiye da dubu tamanin bai ga wata dangantaka ba sam. Hanyar da za ta raba gardama ita ce a sake yin gwajin ƙuri'a irin na 1991, amma babu likita mai imani da zai hana rabin mata masu ciki abin da aka tabbatar yana kare jariransu daga tsagewar baya don kawai ya amsa wata tambaya. Saboda haka matsayin masana a yau shi ne akwai alama mai kyau, amma ba ta kai hujja yankakkiya ba.

Abin da ya fi kowane nauyi a ma'aunin shi ne gado. Tun a 1977 Susan Folstein da Michael Rutter suka yi nazarin tagwaye 21 a Ingila, suka ga cewa in ɗaya daga cikin tagwaye masu kama ɗaya yana da otizim, ɗan'uwansa ya fi kusa da samunsa fiye da yadda abin yake ga tagwayen da ba su yi kama ba. A 2019 wani bincike a kan mutane fiye da miliyan biyu a ƙasashe biyar ya ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin mutane a wannan lalura daga ƙwayoyin gado yake. A nan ma sai an yi hattara, domin Bahaushe in ya ji an ce gado, sai ya fara lissafin dangin wa. Ƙwayoyin gadon da abin ya shafa suna da yawa ƙwarai, suna zuwa daga uwa da uba duka, wasu kuma sabbin sauye-sauye ne da suka auku a jikin yaron kansa, babu su a jikin uwa, babu su a jikin uba. An kuma lura cewa yawan shekarun uba lokacin shigar ciki yana ɗan ƙara yiwuwar abin, amma ban taɓa jin an kafa wa wani tsoho shari'a a tsakar gida saboda ya yi amarya ba.

Turawa ma sun yi tasu shari'ar, kuma ta fi tamu muni domin da rigar ilmi ta zo. Ɗaya daga cikin likitocin da suka fara bayyana otizim shi ne Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka, a 1943, bayan ya yi nazarin yara 11. A cikin bayaninsa ya ambaci cewa iyayen yaran ba su da sakin fuska. Wannan 'yar magana ta girma ta zama aƙida, har aka riƙa kwatanta uwayen da firji, wai sanyin zuciyarsu ne ya sa 'ya'yansu suka janye daga duniya. Bruno Bettelheim ya yaɗa wannan ra'ayi a littafinsa na 1967, aka raba yara da iyayensu, mata da yawa suka tsufa suna ganin su suka lalata 'ya'yansu. Wanda ya fara rusa wannan gini shi ne Bernard Rimland, masanin halayyar ɗan Adam wanda shi kansa ɗansa yana da otizim, a littafinsa na 1964. A 1969 Kanner da kansa ya tsaya gaban taron iyaye ya wanke su daga laifi, amma bayan an riga an yi ɓarnar shekaru fiye da ashirin.

Har kwanan nan ba a daina ba. A ranar 22 ga Satumba 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya gargaɗi mata masu ciki su guji farasitamol, wai yana jawo otizim. Alhali a 2024 an buga wani bincike daga Suwidin a kan yara kusan miliyan biyu da rabi, wanda ya kwatanta 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, wani an sha maganin da cikinsa, wani ba a sha ba, bai kuwa ga bambanci a tsakaninsu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta ce babu tabbatacciyar hujja a kan wannan zargi. A ƙasa irin tamu, inda zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da masu ciki, macen da ta ji wannan magana ta zauna da zazzaɓi a jikinta ta jefa kanta da cikinta a haɗarin da aka tabbatar, don gudun wanda ba a tabbatar ba.

Da mako biyun suka cika, na kira ƙanwata na shimfiɗa mata lissafin Norwe kamar yadda ake shimfiɗa kaya a kasuwa. Na ce mata a cikin yara 114 masu lalurar, 64 iyayensu sun sha ƙwayar a kan lokaci, ba ta kuwa hana ba. A cikin matan da ba su sha ba kuma, fiye da dubu ashirin da huɗu sun haifi yaran da ba su da ita. Na ce mata babu likitan da ke doron ƙasa wanda zai iya duban Abba ya ce da an sha kaza da bai zama haka ba. Jar ƙwayar da ta riƙa ɓoyewa a wata na biyar kuwa ta ƙarin jini ce, amfaninta dabam ne, kuma a lokacin an daɗe da wuce makonnin da ake magana a kansu. Ta yi shiru mai tsawo tana murza bakin mayafinta, sa'an nan ta ce, "To Yaya, in Allah Ya sake ba ni wani cikin fa?"

Wannan tambaya ta biyu ita ce mai amfani, kuma tana da amsa. Ƙannen yaro mai otizim sun fi sauran yara kusa da samunsa, kusan ɗaya cikin biyar. A 2019 masana a Kalifoniya suka bi sawun irin waɗannan ƙanne 241, suka ga lalurar ta bayyana ga kashi 14 cikin ɗari na waɗanda iyayensu suka sha ƙwayoyin masu ciki a watan farko, da kusan kashi 33 na waɗanda iyayensu ba su sha ba. Binciken ƙarami ne, kuma maganar shamuwa ta shafe shi shi ma. Amma tunda ƙwayar tana da araha, ba ta da illa a ma'aunin da aka ƙayyade, kuma amfaninta ga lakar baya tabbatacce ne, babu dalilin barinta. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mai ciki ta sha maikirogiram 400 na folik asid da miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe kullum, a kuma fara folik asid ɗin tun kafin ciki ya shiga in da hali. Wadda ta taɓa haifar jariri mai tsagaggen baya, ko mai sikila, ko mai ciwon sukari, ko mai farfaɗiya, likita ne zai yanka mata nata ma'aunin. Mai farfaɗiya musamman ta ga likita tun kafin ciki, domin ɗaya daga cikin magungunan wannan ciwo, mai suna balfurowet, an tabbatar yana iya cutar da ɗan tayi, kada kuma ta daina sha da kanta. Haka nan kada a ce tunda ɗaya tana da amfani bari a haɗa uku. Wani bincike daga birnin Boston da aka buga a 2018 ya ga cewa matan da sinadarin ya yi yawa ƙwarai a jininsu, su ma lalurar ta fi bayyana ga 'ya'yansu. Gishiri ne ke gyara miya, shi ne kuma ke ɓata ta.

A nan ne al'adarmu da wannan ilmi suka yi karo. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu sai tafiya ta yi nisa muke tuna gora. Amarya mai cikin fari ba ta faɗa, ko uwarta ta tambaye ta sai ta sunkuyar da kai. Wadda ta saba haihuwa kuma tana ɓoyewa don gudun baki da ido, ko don kada kishiya ta ji. Ba a zuwa awo sai ciki ya fito, wata huɗu ko biyar, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta nemi a fara cikin makonni 12 na farko. Ko wadda ta cika wannan sharaɗi ma, kwana 28 ɗin nan sun riga sun wuce ta. Kunya ado ce, ba ni kuma cikin masu son a tuɓe wa matanmu ita. Abin lura shi ne shan 'yar ƙwaya da safe ba ya buƙatar shela. Mace tana iya fara sha tun daga ranar da aka kai ta ɗakinta, ta ci gaba a duk shekarun haihuwarta, ba tare da kowa ya san ko tana da ciki ko ba ta da shi ba.

Akwai kuma tsoron da ke hana wasu sha, wai maganin awo yana sa jariri ya yi ƙato har a kai ga yanka. Aikin ƙwayoyin nan gina jini ne da taimakon halittar jariri, kuma macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini ita ce zubar jini kaɗan ke iya kayarwa. Gaskiya ne jar ƙwayar takan tayar da zuciya, takan sa bayan gida ya yi baƙi ko ya yi tauri. Maganin wannan shi ne a gaya wa ma'aikaciyar jinya ta sauya lokacin sha ko irin ƙwayar, a kuma raba ta da shayi, domin shayi yana rage shigarta jiki. Abincinmu ma yana da nasa rabo, tunda wake da gyaɗa da alayyahu da sauran ganyaye suna ɗauke da wannan sinadari. Sai dai doguwar dahuwa tana kashe shi, kuma yana bin ruwa, saboda haka wadda ta dafa ganye ta tsiyaye ruwan ta zubar, ta zubar da wani kaso na abin da take nema. Wannan ne dalilin da ya sa masana ba su yarda a dogara ga abinci kaɗai ba.

Mu maza kuma muna da namu kaso, kuma shi ne ba a cika faɗa ba. A yawancin gidajenmu miji ne ke ba da izinin fita, shi ke ba da kuɗin mota, shi ke yin cefane. Mutumin da ya kashe dukiya wajen lefe da kayan ɗaki, bai kamata a ce ya kasa sayen ƙwayar da ba ta kai kuɗin katin waya ba. In har za a tambayi mace dalilin da ya sa ba ta je awo da wuri ba, adalci ya nuna a tambayi wanda ke riƙe da mabuɗin ƙofar. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani. Ɗalibanmu maza da mata da ke karanta wannan mujalla, yawancinsu za su yi aure cikin 'yan shekaru masu zuwa. Ina fata wannan magana ta kwana 28 ta zauna musu a rai yadda ranar jarrabawa ke zama, su kuma kai ta gida ga ƙannensu da matan yayyensu da harshen da za su gane.

Daga ƙarshe, rigakafi magana ce ta yaran da ba a haifa ba tukuna. Waɗanda aka riga aka haifa suna nan a cikinmu, a Sabon Ibadan da Agege da kowace unguwa da Hausawa ke zaune, wasunsu a kulle a ɗaki don kada baƙi su gan su. Duk ranar da aka ɓata wajen neman mai laifi, an ɗebe ta ne daga kwanakin da ya kamata a yi amfani da su wajen koya wa yaro magana ko nuni da hannu, da saba masa da mutane, da nema masa makarantar da za ta karɓe shi yadda yake. An tabbatar cewa irin wannan horo yana taimakawa, kuma gwargwadon saurin fara shi gwargwadon amfaninsa. Wadda za ta ɗauki mafi yawan wannan aiki kuwa ita ce uwar nan da ake tuhuma, kuma ba ta iya yinsa da karyayyar zuciya. Tun 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 2 ga Afrilu ta kowace shekara domin tunawa da masu wannan lalura. Mu abin da ya fi kusa da mu shi ne mu kama bakinmu a tsakar gida, mu riƙe wa uwa yaro ta samu ta runtsa, mu kuma daina tura wa mutane rabin labari. Allah Ya raya mana zuriya, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya kuma ba mu ikon yi wa raunana adalci.